Kuɓewa Mai Jan Tsumma

Ku da kuka zo neman iri kuna cewa garkar damina ba aiki ba ce, tunda ruwa kyauta yake saukowa, ku gyara zama. Iri zan ba ku, ban taɓa hana kowa ba, amma sai kun ji abin da ke ƙunshe da shi tukuna. Ɗayanku har da miƙo mini waya, wai in ga wata mata tana tsinkar tumatir daga cikin buhu, ko gumi babu a goshinta. To madalla da ita. Sai dai wanda ya ɗauki hoton bai tsaya ya ɗauki ranar da marka ta wuni ta kwana a kan buhun ba. A rani ƙishirwa ke kashe shuka, kowa ya san maganinta. A watan Agusta ƙoshi ke kashe ta, kuma ba kowa ya san maganin wannan ba.

Ni ba da ƙuruciya na shiga sana'ar nan ba. Da aurena, da 'ya'yana biyu. Kun san yadda ƙasarmu ta Makoda take, gona na taka gona. Da aka raba gadon mahaifinmu, abin da ya zo hannuna, in ka tsaya a wannan iyaka ka yi atishawa, na waccan iyakar ne zai ce maka yarhamukallahu. Geron da take bayarwa ba ya kai mu tsakiyar rani. Sa'o'ina suka yi ta tafiya Kano da kudu, ni kuwa na saɓa fartanyata na nufi ƙarshen unguwa wurin Baba Kyari, mutumin da ya ciyar da gidansa, ya aurar da 'ya'yansa, da ɗan filin da ke manne da katangarsa.

Kakanninsa daga gabas suka zo tun da daɗewa. Shi a nan aka yanke masa cibi, Barbarci ko na gaisuwa bai iya ba, amma da ya ji an ce kakata Bafulatana ce sai ya tuna shi Babarbare ne. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ya dube ni sama da ƙasa.

"Haruna, ku da ba ku san komai ba sai bin wutsiyar saniya, me ya haɗa ka da ganye? Ci za ka yi ko nomawa?"

Na ce, "Baba, saniyar ce babu, shi ya sa na biyo Babarbare."

Ya yi dariya har da tari, ya ce in dawo ranar da hadari ya haɗo.

Aikin farko da ya ba ni shi ne tsayuwa cikin ruwa. Hadari ya taso da la'asar, kowa na gudun ɗaki, mata na kwashe shanya, shi kuwa ya kifa tsohon buhu a ka ya ce in biyo shi. Muka tsaya tsakiyar garka ruwa na dukanmu. Ba ya magana, sai nuni da baki. Nan ruwan indararo yake faɗowa ya haƙa rami. Can na rariyar gida yake fitowa da kumfar sabulu. Ga inda suke haɗuwa, ga inda suke kwanciya su ƙi tashi. Ya sa na riƙa soka kara duk inda ruwa ya tsaya. Washegari karan nan ne suka nuna mana inda za mu ja hanyar ruwa da inda za mu tada kunya. Daminar nan kaf bai bar ni na jefa ƙwayar iri ɗaya a ƙasa ba. Haƙa, kwashe laka, ɗaukar taki, sai mura. Matata ta ce in koyon sana'a ne wannan, to agwagwa ta riga ni ƙwarewa.

Sai a shekara ta biyu na gane ruwan ne yake raba wa kowa mazauni. Gwanda tana can kan tudu mafi tsayi, don saiwarta in ta sha ruwa ya yi mata yawa, da tsakar rana za ka ga ta kwanta da 'ya'yanta duka. Tattasai da attaruhu su ma ba sa son ƙafarsu a jiƙe, kowanne da ɗan tsibin ƙasarsa. Lalo da alayyafo ba su da girman kai, su ake ba wurin danshi. Yakuwa da rama suna bin danga, kabewa kuwa a ɗora ta kan rumfa, in ba haka ba ta bi maƙwabtanta ta danne su. Zogale a kusurwa. Ɗoɗɗoya a bakin ƙofa, duk wanda ya goge ta da riga ya shiga gida da ƙamshi. Na'ana'a a cikin fasasshiyar tukunya kusa da randa, don in ka sake ta a ƙasa sai ta gaje garkar. Tumatirin damina kuwa ɗan gata ne. Sai ka kafa masa sanda, ka ɗaure shi, ka tsinke ganyen ƙasa kada laka ta fantsamo masa, kuma duk da haka in ya ga dama ya ruɓe maka a ido.

Kayan aikin Baba Kyari in ka tara su ba za su cika kwando ba. Akwai garma ta tada kunya, akwai adda ta saran ƙaya. Amma wadda ya fi ji da ita wata fartanya ce da ƙasa ta cinye bakinta har ya dawo kamar tafin hannun yaro. Maƙeri ya sha cewa ya kawo a sake mata baki, ya ƙi. Da ita yake shiga tsakanin tushe da tushe ya cire ciyawa ba tare da ya ji wa saiwa ba. Sai wata tsohuwar tukunya da ake jiƙa ganyen darbejiya a ciki har ya yi wari, a tace, a yayyafa da tsintsiya saboda ƙwari. Sai toka. Matarsa, Inna Falmata, ba ta zubar da tokar murhu, tara masa take yi, ya barbaɗa a ganyen kuɓewa da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, don ta kama. Takin awaki kuwa sai wanda ya shekara. Na taɓa ganin wani ya zuba ɗanye a gindin tattasai don sauri, kafin Juma'a ta zagayo ganyen ya zama kamar an babbaka.

Tsinkar kuɓewa ita ce aikin da ke raba mai sha'awa da mai sana'a. Ba ta jira. Ka tsinka yau, ka huta gobe, jibi dole ka koma. In ka ce bari ka je suna ko ɗaurin aure ka ƙara mata kwana, za ka dawo ka tarar ta ƙosa, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Kuma wadda ta ƙosa a jikin uwar tana hana ta sake haihuwa. Ga ƙaiƙayi. Ka shiga tsakanin kunyoyi da safe, gashin ganyen nan ya goge maka hannu da wuya, ka wuni kana susa kamar mai ƙazwa. Baba Kyari da ɗan yatsa yake aikin, ko kallo ba ya yi. Ya laluba, ya murɗe, ta faɗa ƙwarya. Ni na daɗe ina ɓalle rassa kafin hannuna ya faɗa.

Masu sayenmu kuwa, watan Agusta shi ne watansu. Lokaci ne da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ɗan tuwon da aka samu miya ce ke wucewa da shi. Tsofaffi mata su zo ƙofar garka da kwanoni tun hantsi bai yi ba. Ranar kasuwar Kunci mu ɗaura kwando a keke. Akwai wata Hajiya mai tuwo a tashar Makoda, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta sayen kuɓewa sai ta karya bakin guda goma ta ji sun yi ƙas. Ta ɓata wa kowa kaya, ta tafi tana mita. Amma in ta zo kan kwandon Baba Kyari ba ta karya ko ɗaya, sai dai ta ce a juye mata.

Dalili kuwa, kuɓewarsa daban ce. Gajera ce, mai kauri kamar babban yatsa, da ɗan ja a wuyanta. Ba ta saurin ƙosawa kamar ta kasuwa, kuma ko an yanka an shanya an daka, yauƙinta yana nan har bazara. Ya ce kakarsa ce ta ƙullo irin a bakin zane tun daga gabas. A duk ƙasar nan ba ta da wani suna sai ta Baba Kyari.

Yanzu ku buɗe kunne, don nan ne maganar take. Duk shekara, da kuɓewa ta fara 'ya'ya, sai ya bi kunyoyi ya zaɓi uwayen da suka fi lafiya. 'Ya'yan fari da suka fito a jikinsu, waɗanda suka fi kyau, sai ya yago jan tsumma daga wani tsohon zanen Inna Falmata ya ɗaura musu a wuya. Wadda aka ɗaura wa tsumma ta haramta ga tukunya. Tana nan har ta ƙosa, ta bushe a jikin uwarta, in ka kaɗa ka ji tana ƙara kamar caki. Sannan a fasa, a cuɗa da toka, a zuba a gora. Ku tuna fa, wannan a daidai lokacin da kuɓewa ta fi tsada ne, kowa na neman ta ido rufe. Na ce masa me zai hana mu sayar da na fari, mu bar na ƙarshe su zama iri? Ya ce, "Wanda ya ajiye ragowa, ragowa zai girba. Ka taɓa ganin Bafulatani ya bar gurgun maraƙi ya zama bijimin garke?"

Wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gudummawarsa. Duk yarinyar da za a kai ɗakin miji daga unguwarmu, mutane na kai kwano da tabarma da sabulu, shi kuwa sai ya ƙulla irin kuɓewa a jan tsumma ya aika mata. Har ya zama abin dariya a wurin mata, wai ga gudummawar Baba Kyari nan ta iso. Sharaɗinsa ɗaya ne, ta shuka a bakin rariya, ta ɗaura wa na fari tsumma. Ni abin yana ci mini rai. Na ce, "Baba, abin da ya sa ake layi a ƙofarka shi kake rabawa ƙauye-ƙauye. Kasuwarka kake kashewa da hannunka." Ya ce, "Gora ɗaya ba ta ajiye iri." Har yau in ta fuskar ciniki ce, ban ce ya fi ni gaskiya ba.

Mummunar shekarar ta zo bayan na daɗe da kafa tawa garkar. Inna Falmata ta riga ta rasu, shi kuma yanar ido ta rufe masa gani, ni nake duba garkokin biyu. Ruwan farko ya yaudare mu. Muka shuka, ta fito, sama ta ɗauke, rijiya ta ja baya, rana ta ƙone komai. Muka sake shuka, aka sake haka. A karo na uku na kifa gorarsa da tawa, na bubbuga gindinsu har toka ta ƙare. Wannan ta kama, ta yi kyau, ta fara fure, na ɗaura wa na fari tsumma. Sai marka ta sauka. Ban taɓa ganin irinta ba. Hanyoyin ruwanmu suka cika, amma babu inda za su kai shi, don unguwar duka a kwari take. Tawa garkar ta zama tafki, ganye ya yi ɗorawa, tushe ya yi laushi. Wata safiya ina tsaye a ƙofar gidansa na ji rugugi. Katangarsa ta ƙasa ce ta sha ruwa ta kwanta a kan kunyoyin kuɓewa gaba ɗaya. Da hannu na tona laka. Abin da na samu 'yan ƙanana ne, ko ƙwaya ba su yi ba.

Na je na faɗa masa a zaure. Ya juyo inda nake ya ce:

"Ba miyar nake ji ba, Haruna. Ta tsallake kakata, ta tsallake ubana. A hannuna za ta ƙare?"

Na ji tausayinsa har cikin raina. Na ce ai akwai yaran da ya yi ta bai wa.

Ya ce, "Akwai. Amma bana yunwa ake yi. Wace uwa ce za ta ga kuɓewa a tsaye, yara na kuka, ta bar ta saboda tsumman wani tsoho? Je ka duba. Ko sun ci, kada ka ɓata musu fuska."

Da marka ta lafa na ɗauki keke na fara bin gidajen aurensu, in tsaya a zaure in yi sallama da maigida. Wata ruwa ya cinye tata kamar tamu. Wata ta shuka ta kusa da irin kasuwa shekara da shekaru, da aka fito mini da ita sai na ga doguwa fara, ba ta da alaƙa da tamu sai suna. Wata tun haihuwar fari ta watsar. Wani magidanci kuwa ya fito ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Haruna, wallahi ta ɗaura. Ni na ce ta kwance." Na ce masa da ni ne ma haka zan yi, kuma har zuciyata na faɗa.

Saura Mairo, 'yar maƙwabcinmu, wadda aka kai wani ɗan ƙauye gaba da Kunci, a kan jigawa. Ban sa rai ba, don na ji labarin mijinta ya tafi neman kuɗi kudu shiru, kuma farin farkon damina ya fi dukan yankinsu, geronsu ko kai bai fitar ba. Hanya ta yanke a wurare, inda keke ya ɗauke ni, inda ni na ɗauke shi. Surukinta ya ce in shiga, ai ni yayanta ne. Na tarar da ita a tsakar gida tana matse dafaffiyar tafasa, yaranta sun kewaye kwanon. Ba ƙuli-ƙuli, ba mai, sai gishiri. Da na ga haka sai na ji nauyin faɗin abin da ya kawo ni. Muka gaisa, na tambayi yara, na fara neman hanyar tashi.

Ita ce ta ce, "Yaya Haruna, an ce katangar Baba ta faɗi."

Na ce haka ne.

"A kan kuɓewar?"

Na gyaɗa kai. Ta ɗauraye hannu ta ce in zo. A bayan ɗakinta, bakin rariya, ga tushen kuɓewa 'yan kaɗan. Ruwan wanke-wanke ya raya su lokacin fari, yashin jigawa ya tsirar da su lokacin marka. Duk an tsinke 'ya'yansu tas, ko ƙanana ba a bari ba. Amma a ƙasa, kusa da gindi, ga na fari nan a bushe, gajeru, masu kauri, kowacce da tsumma a wuyanta. Tsumman ya koɗe har ya kusa zama fari, amma na san zanen. Wanda aka ƙullo mata iri ne ranar da aka kawo ta. Shi take yagowa, ta ɗaura, in ta girbe ta kwance ta wanke ta ajiye.

Na ce, "Mairo, da wannan halin da kuke ciki?"

Ta ce, "Yaran nan kullum sai sun zagaya ta suna kallo. Na ce musu ta sama tamu ce, ta ƙasa ta Baba ce. Ajiya aka ba ni, Yaya. Ana cin ajiya?"

Na yi shekaru ina wannan aiki, na ga gwanaye, amma ranar nan na ga wadda ta fi mu duka. Ta kawo wuƙa za ta yanke mini gaba ɗaya, na ce a'a, rabi, don Baba bai taɓa yarda a kwashe iri daga gida a bar shi wayam ba.

Da la'asar na iso. Baba Kyari yana zaune a zaure. Na sa masa guda a tafin hannu. Ya laluba tsayinta, ya bi kaurinta da yatsa, ya kai kunne ya kaɗa. Sai yatsansa ya taɓa tsumman. Ya tambaye ni na wane ne, na ce zanen Inna ne, daga wurin Mairo. Ya riƙe shi yana shafawa, ni kuma na juya ina duba tayar kekena, wadda ba abin da ya same ta. Can ya gyara murya.

"Ɗan Fulani."

"Na'am, Baba."

"Ka ga kasuwar da na kashe?"

Damina mai zuwa ya ga furenta da hannunsa, bai kai ta bayanta ba, Allah ya jiƙansa. Tun daga lokacin, kwandon farko da na tsinka duk shekara ba ya zuwa kasuwa, gidan Mairo ake kai shi. Kuɓewar nan da kuke hange ta saman danga, duk jikokin waɗannan 'yan busassun ne.

To ga gorar, ga tsumma na yayyaga. Haƙa hanyar ruwa zan koya muku, toka da darbejiya duk zan nuna muku, waɗannan masu sauƙi ne. Abin da ba zan iya koya muku ba shi ne ranar da za ku ga ta fari ta yi ɓul-ɓul, tukunya na kan wuta, ku haɗiye yawu ku wuce. Wanda ya san zai iya, ya miƙo hannu.